Yadda ake auna wutar ƙofar kulorayid a tantanin da ka haɗa da hannunka

Toh bari mu fara da girman abin da ake farauta, don in ba ka san shi ba duk kayan aikin nan ba za su yi maka ma'ana ba. Ƙofar kulorayid furotin ce da ke zaune cikin tantanin ƙwayar halitta, tana buɗewa tana rufewa, in ta buɗe sai ayon ɗin kulorayid su wuce, kuma tunda kowane ayon yana ɗauke da caji to wucewar tasu karant ne da za a iya aunawa. Amma fa ɗan mitsitsi ne. Ɗauki CFTR, ƙofar da in ta lalace take jawo ciwon nan na gado da majina ke kauri ta toshe huhu, kondaktans ɗinta, wato sauƙin da karant ke bi ta cikinta, bai wuce pS (fikosimins) 8 zuwa 10 ba, ma'ana in ka ɗora mata mV (milibolt) 100 abin da za ka gani kusan pA (fiko-amfiya) 1 ne kacal, kashi ɗaya cikin tiriliyan na amfiya. Kuma duk da haka wannan pA ɗayan ayon sama da miliyan shida ne ke bi ta rami guda a kowane sakan. Ni dai har yau abin yana ba ni mamaki, ka zauna gaban kwamfuta kana kallon furotin ƙwaya ɗaya tana aiki, layi ya yi sama ya dawo ƙasa.

Dalilin da ya sa ake wahalar haɗa tantani maimakon a auna a ƙwayar halitta kai tsaye shi ne a can taro ya yi yawa, ƙofofi iri iri ne a cakuɗe kuma ba ka da iko da abin da ke ciki. A nan kuwa, tunda tantanin shimfiɗa biyu ce ta maiƙo, kai ka zaɓi maiƙon, kai ka zaɓi ruwan gishirin kowane ɓangare, kai ka sa furotin ɗin, don haka duk abin da ya fito ba ka da wanda za ka ɗora wa. Mueller da Rudin da abokan aikinsu ne suka fara nuna hanyar a 1962, ta shafe, sannan a 1972 Montal da Mueller suka kawo ta naɗe wadda ake haɗa shimfiɗa biyu na maiƙo daga saman ruwa. Ta shafen zan bi da kai don ita ta fi sauƙin koyo.

Kayan aikin ba su da yawa. Ƙaramin kwano mai ɗaki biyu, yawanci na Teflon ko Delrin, kowane ɗaki yana cin ruwa kamar mililita ɗaya zuwa uku, tsakaninsu akwai bango siriri mai huda ɗaya wadda faɗinta yake tsakanin maikiromita 50 zuwa 250. Ɗakin da za ka zuba furotin ana ce masa sis, ɗayan tirans, ni zan riƙa cewa ɗakin gaba da ɗakin baya. Sai amfilifaya mai riƙe boltej a inda ka ce ta kuma auna karant, sai na'urar da ke mayar da siginar lambobi ta shiga kwamfuta, sai kejin Faraday wato akwatin ƙarfe da ke tare hayaniyar lantarkin waje, sai tebur mai shanye girgiza. Duk wani ƙarfe da ke cikin kejin ka haɗa shi da wayar ƙasa ta lantarki a wuri GUDA, ba wannan can wancan can ba, in ba haka ba za ka ga igiyar wutar bango ta Hz 50 ko 60 tana ta rawa a kan layinka ta binne pA ɗayan da kake nema. Sannan tun ranar farko ka rubuta a littafinka wane ɗaki ne ke karɓar boltej wane ne na ƙasa, domin ɗakunan bincike sun sha bamban a wannan, kuma alamar ƙari ko ragi ɗaya in ta juye sai ƙofar kulorayid ta koma ta fotasiyam a takarda. A nan zan ɗauka boltej na ɗakin gaba ne, na baya kuma sifili.

Yanzu ga wurin da nake so ka nutsu sosai, maganar ilektirod, don a aikin kulorayid nan ne mutane suka fi faɗawa rami ba su sani ba. Ilektirod ɗin da kowa ke amfani da shi wayar azurfa ce da aka lulluɓe da gishirin azurfa da kulorayid, za ka goge wayar ta yi fes ka tsoma ta a bilic na kamar minti ashirin zuwa talatin har ta yi duhu, shi kenan. Matsalar ita ce shi kansa wannan ilektirod ɗin kulorayid yake saurare. Boltej ɗinsa yana canzawa da yawan kulorayid ɗin ruwan da yake ciki, kusan mV 59 duk lokacin da yawan ya ninka goma. To ka ga in ka tsoma wayoyin kai tsaye cikin ɗakunan, ka daidaita sifili da ruwa iri ɗaya, daga baya ka mayar da kulorayid ɗin ɗakin gaba mM (milimola, ma'aunin yawan gishiri a ruwa) 300 na baya mM 30, ilektirod ɗin za su haifar da nasu boltej daidai girman wanda ƙofar kulorayid za ta bayar amma ta kishiyar fuska, su cinye juna. Sai ka ga ƙofar da kulorayid kaɗai take bari ya wuce ta nuna maka sifili kamar ba ta zaɓen komai, rami na banza wanda ba ya zaɓe kuma ya fito kamar ƙofar fotasiyam. Kuma layin zai yi kyau fa, ba hayaniya ba komai, babu abin da zai gaya maka ƙarya kake karantawa.

Maganinsa gadar gishiri. Ka sami siririn bututun gilashi ka lanƙwasa shi da wuta, ka dafa aga, garin da ke daskarar da ruwa, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari a ruwan KCl, wato gishirin fotasiyam da kulorayid, mai ƙarfi, M 1 zuwa 3 (M ɗaya mM dubu ne), ka ɗura da zafinsa ka bari ya daskare. Kowane ilektirod ya zauna a nasa ɗan ramin mai KCl iri ɗaya da na ɗan'uwansa, gadar ce kawai za ta taɓa ruwan gwajin. An zaɓi KCl ne saboda fotasiyam da kulorayid gudunsu a ruwa kusan ɗaya ne, don haka boltej ɗin da ke tasowa a bakin gadar kaɗan ne. Ka ɗaga gadar ka duba ta a haske kafin ka sa, kumfar iska ɗaya tak ta isa ta yanke hanya. Kuma ka sani gadar tana tsiyayar da gishiri a hankali, in ɗakinka ƙarami ne kuma kulorayid ɗinsa kaɗan ne kamar mM 10, awa biyu ana zaune lissafinka zai iya gocewa, don haka ka sa bakinta siriri kuma nesa da hudar.

Ka zuba ruwa iri ɗaya a ɗakunan biyu, misali KCl mM 150 da HEPES, sinadarin da ke riƙe pH wato ma'aunin tsamin ruwa, mM 10 a pH 7.4, tsayin ruwan ya zama daidai, hudar a buɗe ba tantani, ka juya maɓallin daidaitawa har karant ya zama sifili a boltej sifili. Ka jira minti biyar ka sake dubawa. In yana ta tafiya da kansa to ilektirod ɗin ne, ka sake masa wanka a bilic, kar ka ce bari in ci gaba a haka.

Sai tantanin. Maiƙon yana zuwa ne narke a kulorofom, wasu na son maiƙon da ake kira DPhPC don yana da juriya, wasu kuma haɗin POPE da POPG uku bisa ɗaya ko POPE da POPS saboda furotin da yawa sun fi sakewa in akwai maiƙo mai caji. Ka busar da shi da iskar naitirojin ko agon har ya zama ɗan fim a gindin kwalba, ka narka shi a dekan, wani ruwan mai, kamar miligiram 20 zuwa 25 a mililita. Tun kafin ka zuba ruwa a kwanon ya kamata ka ɗan shafa wannan haɗin a gefen hudar ka bari ya bushe, shi ne zai zama madogarar tantanin. Bayan an zuba ruwa an daidaita sifili, ka ɗebo ɗan kaɗan a bakin siririn sandan gilashi ko ka hura kumfa daga bakin fifet ka goga a kan hudar. Nan take karant ɗin da ya cika allo zai faɗo sifili, hudar ta toshe kenan, amma toshewa ba ita ce tantani ba, yana iya zama dunƙulen mai ne kawai mai kauri wanda ba ƙofar da za ta iya ratsa shi. In kana kallo da madubi za ka ga launuka kamar na kumfar sabulu, sai wani baƙin tabo ya ɓullo ya yi ta faɗi, wannan baƙin shi ne abin da ake nema, kaurinsa nanomita 4 zuwa 5 ne kawai shi ya sa hasken da ke dawowa daga fuskokinsa biyu ke kashe juna.

Amma ido ba hujja ba ne, kafasitans ne hujja, wato yawan cajin da tantanin ke iya tarawa a kowane bolt, wanda ke ƙaruwa yadda tantanin ya ƙara siranta. Ka aika boltej mai hawa da sauka a miƙe, karant ɗin da zai dawo shi ne kafasitans sau saurin canjin boltej, in saurin bolt ɗaya ne a sakan to kowane pA ɗaya da ka gani pF (fikofarad, ma'aunin kafasitans) ɗaya ne, lissafi ya zo da sauƙi. Tantanin shafe mai dekan yana ba da kamar µF (maikirofarad, pF miliyan ɗaya) 0.4 a kowane murabba'in santimita, na naɗe wanda kusan ba mai a cikinsa yana kai 0.7 zuwa 0.9. Kenan huda mai faɗin maikiromita 200 ka sa ran wajen pF 100 zuwa 125. In ka ga 20 ya tsaya a nan to mai ya yi yawa, ka sake gogawa da sanda mai tsabta ba tare da ƙara maiƙo ba. Daga nan ka ɗora mV 100 ka riƙe, ka juya zuwa ragi 100 ka riƙe, tantani mai kyau karant ɗin da zai zurara bai kamata ya wuce 'yan pA kaɗan ba kuma layin ya kwanta lumui. Ka ba shi minti goma yana haka kafin ka sa komai. Na san minti goman nan yana da tsawo in kana ɗokin ganin ƙofa, amma tantanin da ke da datti yana iya yin tsalle tsalle da kansa masu kama da buɗewar ƙofa sak, kuma in ba ka gan shi shiru da farko ba ba ka da bakin cewa furotin ɗinka ne ya yi motsin. Kar ka wuce mV 150 ba dalili, yawancinsu suna fashewa a wajen 200 zuwa 300.

Furotin ɗin ba a zuba shi tsirara, yana zuwa ne cikin ƙananan ƙwallayen maiƙo, ko dai waɗanda aka ɓalle daga tantanin ƙwayoyin halitta ko lifosom da aka dasa tataccen furotin a ciki. In na biyun ne ka tabbata an cire sabulun da aka narka furotin ɗin da shi tas, don ragowar sabulu shi ne babban mai ƙirƙiro ƙofar ƙarya. Ka ɗiga maikirolita ɗaya ko biyu kusa da hudar a ɗakin gaba, ka kunna ɗan abin motsa ruwa. Abin da ke sa ƙwallayen su haɗe da tantanin shi ne ɗakin gaba ya fi na baya gishiri, ruwa ya shige su su kumbura su fashe a jikinsa, in akwai maiƙo mai caji kuma ɗan kalsiyam kamar mM 1 yana taimaka musu su manne. Akwai kuma dabarar Woodbury da Miller ta 1990 ta sa wa ƙwallayen nistatin, sinadari mai huda tantani, da maiƙon agosterol, inda kowace haɗewa ke nuna kanta da ɗan tsinin karant da ke lafawa, tana da amfani in ƙofarka mai shiru ce ba ka san ko ta shiga ba. Da zarar ka ga matakin farko ka kashe abin motsawa ka wanke ɗakin gaba da sabon ruwa ninki da yawa, a hankali, in ba haka ba kafin ka ankara ƙofa biyar sun shiga sun hau kan juna. In CFTR ce ba za ta buɗe ba sai an ba ta ATP, makamashin ƙwayar halitta, da magniziyam kuma inzayim ɗin PKA ya manna mata fosfet, kuma wannan alheri ne a gare ka, domin in ka zuba su a ɗakin gaba kaɗai to waɗanda suka juyo da fuskarsu ta ciki wajenka ne kawai za su yi aiki. Da wannan hanyar ta tantanin haɗi ne Christine Bear da abokan aikinta a Toronto ta Kanada suka nuna a 1992 cewa tataccen CFTR shi kansa ƙofa ne ba mai kula da wata ƙofar ba.

Tace sigina kuma dole ne, don faɗin tantanin shi ke kawo hayaniya, duk yadda kafasitans ya ƙaru hayaniyar ƙaruwa take, shi ya sa in ƙofar pS 10 kake bi gara huda ta maikiromita 50 zuwa 100. Ana tace siginar da matatar Bessel, ga ƙananan ƙofofi a wajen Hz 100 zuwa 200, a ɗauki samfuri aƙalla ninki biyar na hakan. Sai dai ka san abin da ka sayar, a Hz 200 siginar tana ɗaukar kamar milisakan 1.7 kafin ta hau, duk rufewar da ta fi haka gajarta za ta fito a yanke ko ta ɓace gaba ɗaya. Ka adana ainihin abin da ka ɗauka da faɗi, ƙarin tacewa a yi shi daga baya a kwamfuta.

Kondaktans shi ne mai sauƙin. Ka riƙe boltej daban daban daga ragi 100 zuwa ƙari 100, a kowanne ka auna tsayin matakin tsakanin rufe da buɗe, ba da ido ba, ka tara dukkan ɗigon a jadawalin yawa ka ga tuddai biyu ka auna tazararsu. Ka zana karant a kan boltej, gangaren layin shi ne kondaktans. Kuma duk inda za ka faɗi lambar ka haɗa da yawan gishirin da zafin ɗakin, pS 10 a mM 150 da pS 10 a M 1 ba abu ɗaya ba ne.

Zaɓe, wato gano wane ayon ƙofar take bari ya wuce, shi ne mai daɗin. Ka mayar da ɗakin gaba KCl mM 300 na baya 30, ka nemo boltej ɗin da karant ke komawa sifili ya juya. Lissafin Nernst ya ce in kulorayid kaɗai ke wucewa za a samu ƙari 59 a digiri 25, in fotasiyam kaɗai ne ragi 59, amma a zahiri gishiri mai kauri ba ya aiki da cikakken ƙarfinsa, in ka gyara wannan abin yana dawowa kusan 54, to kar ka ga 53 ka ce ƙofarka na yoyon fotasiyam. In ya faɗo tsakani sai a sa lissafin Goldman da Hodgkin da Katz a fitar da rabon. Daga nan ka musanya kulorayid na ɗaki ɗaya da buromayid ko ayodayid ko naitiret, furotin masu wuce da kulorayid na dangin ClC sun fi son kulorayid a kan ayodayid, alhali ƙofofin ƙwayoyin jijiya da sinadaran GABA da gilaisin ke buɗewa ayodayid ya fi shige musu, wannan jerin kamar zanen yatsa ne. A nan ma gadar gishirin ce ke ceton ka, ayodayid in ya taɓa wayar azurfa kai tsaye ya ɓata ta. In ka gama ka fasa tantanin da gangan, ka mayar da ruwa iri ɗaya, ka duba ko sifilinka na nan. In ya goce da fiye da mV 2 ko 3, ni dai ba na yarda da awon zaɓen wannan ranar.

Me ya sa nake ta nanata sifili? Saboda labarin Accardi da Miller na 2004 a jami'ar Brandeis ta Amurka. Furotin ɗin ClC na bakteriyar E. coli kowa ya ɗauka ƙofa ce, har ɗakin binciken MacKinnon ya fitar da siffar irinsa a 2002 a matsayin ƙofar kulorayid. Da suka auna shi a tantanin haɗi sai boltej ɗin juyawar ya ƙi kaiwa na Nernst, kuma ya riƙa motsi in an canza pH. Da ba su amince da ilektirod ɗinsu ba da sun ce kuskuren awo ne su wuce. Ashe ba ƙofa ba ce, mai musaya ce, kulorayid biyu su wuce furoton ɗaya, wato ayon ɗin haidirojin, ya bi ta kishiya. Kai ma za ka iya gwadawa, in pH ɗaya ne a ɗakunan biyu irin wannan furotin zai ba ka kashi biyu cikin uku na Nernst, wato wajen 36 maimakon 54, kuma bambancin pH ɗaya tsakanin ɗakunan zai tura shi da kusan mV 20. Ƙofa ta gaskiya mai zaɓen kulorayid zalla ba ruwan boltej ɗin juyawarta da pH.

Saura buɗewa da rufewa. Ka raba lokacin da ƙofar ta yi a buɗe da dukkan lokacin da ka ɗauka, wannan shi ne yiwuwar buɗewa, ka yi shi a kowane boltej, kuma ka ɗauki mintuna ba sakanni ba. In ka ga matakai uku masu tazara ɗaya kar ka yi saurin cewa ƙofa biyu ne suka shiga. ClC-0, wadda Miller ya ciro daga gaɓar lantarkin kifin Torpedo, haka take yi, sifili, wajen pS 10, wajen pS 20, sai kuma duka su ɗauke tare na dogon lokaci su dawo tare, abin da ƙofofi biyu da ba ruwansu da juna ba za su riƙa yi ba. Daga wannan kawai ya ce a 1982 furotin ɗaya ne mai rami biyu kamar bindiga mai baki biyu, shekara takwas kafin Jentsch ya gano ƙwayar gadonta a 1990, shekara ashirin kafin a ga siffar da ta gaskata shi. Gwajin lissafi ne kawai, in kowane rami yana buɗe kashi 70 cikin ɗari na lokaci kuma ba ya kallon ɗan'uwansa, to a cikin zangon aiki za ka samu kashi 9 duka a rufe, 42 ɗaya a buɗe, 49 duka a buɗe. Ka kula da zafin ɗakin in wannan kake aunawa, don wancan rufewar ta bai ɗaya tana jin zafi ƙwarai.

Daga ƙarshen gwajin ne ake sa mai toshewa, DIDS ko NPPB ko 9-AC, ga CFTR kuma akwai CFTRinh-172, ka gwada daga gaba ka gwada daga baya don wasu ta fuska ɗaya kawai suke kamawa. Amma yawancinsu ba su da zaɓe sosai, kuma ana narka su a ruwan DMSO wanda shi ma sai ka gwada shi shi kaɗai a kan tantanin. Ka yi gwaji da lifosom marasa furotin waɗanda suka bi duk matakan da na gaskiyar suka bi, ranar ɗaya da maiƙo ɗaya. In ƙwallayenka daga ƙwayoyin halitta suke ka yi hattara da VDAC, babbar ƙofar maitokondiriya, tana son shiga tantani kuma tana ɗan karkata ga ayon masu cajin ragi, sai dai girmanta kusan nS 4 ne, wato pS 4,000, a KCl M 1, ta ninka abin da kake nema sau ɗaruruwa, in ka gan ta ka fasa tantanin ka sake. Kwanon kuma a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa da etanol a busar, gadojin a ajiye su cikin KCl ɗinsu a firji, wanda ka taɓa sa wa nistatin ko wani abu mai huda tantani ka yi masa alama ka ware shi daban.